Dara ta Waya Tsakanin Batsari da Safana

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka. Sunayen ɗaliban da na koyar sun tafi, wani lokaci ma sai in shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina abin da ya kawo ni. Amma darar da na yi ta waya a shekarar korona, wannan kam ko zan manta da sunan unguwarmu ba zan manta da ita ba. A cikinta ne na gane cewa ni, malamin makaranta mai ritaya, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana zane yara a kan satar amsa, ashe ɓarawo ne, wurin yin satar ne kawai ban samu ba sai da na tsufa.

Muna da majalisa a Batsari, a gindin wata darbejiya da ke ƙofar shagon wani tela abokina. Kullum bayan la'asar nan muke haɗuwa mu yi dara har a kira magariba. Gurabe talatin ne a ƙasa, layi biyar, kowane layi gida shida, wannan ya riƙe kara, wancan ya riƙe tsakuwa, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin wasansa. Ba mu da alƙali sai 'yan kallo, kuma sun isa. In ka taɓa ɗa, dole ka tafi da shi. In hannunka ya ɗan karkata inda bai kamata ba, tsofaffi za su taso maka da ihu a lokaci guda har masu wucewa su tsaya. Saboda haka babu mai maguɗi a cikinmu, mu kuma sai muka ɗauka gaskiya ce ta yi mana yawa.

Telan nan mutumin Yasore ne, tun yana saurayi ya zo Batsari da kekensa na ɗinki. Ya girme ni da 'yan shekaru, bai taɓa shiga aji ba, amma fiye da shekara talatin muna wasa ban taɓa cinye shi ba ko sau ɗaya. Ina cinye sauran, in tashi ina kaɗe riga, sai ya zauna a gabana ya mayar da ni ɗan koyo. In zai ci, sai ya ce, "Malam, gyara zama," kamar mai shirin yi mini aski. Wallahi abin yana ci mini rai. Da mu tara ne a majalisar, mutuwa ta yi ta zare mu har muka koma huɗu: ni, tela, wani malamin gona mai ritaya, da wani tsohon direba. Zama a ƙasa bai gagare mu ba, tashin ne sai an miƙa wa juna hannu. Duk lokacin da muka dawo daga jana'iza, mutane suna tunanin lahira, ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin da ke zuwa mini shi ne kada ɗayanmu ya tafi ban cinye mutumin nan ba.

Ana cikin haka korona ta zo. Da farko dariya muka yi, direba ya ce cutar masu hawa jirgi ce, mu da ko Kano sai da dalili muke zuwa ina za ta gan mu. Dokar gwamnati ma ba ita ta kama ni ba, domin samari suna ta yawonsu a kan babura da takunkumi rataye a haɓa. Dokar 'ya'yana ce ta kama ni. Babban ɗana da ke aiki a Katsina ya bugo waya ya ce, "Baba, cutar nan tsofaffi take ɗauka, ga ka da hawan jini. Don girman Allah kada ka ƙara fita." Na ce masa tun kafin a haife shi nake fita. Bai yi mini musu ba, sai ya ce in ba uwarsa wayar. Daga ranar Hajiya ta zama gandiroba, ni na zama ɗan kaso, yaron da na koya wa tafiya ya hana ni tafiya.

Shi tela nasa ya fi nawa. Matarsa ta rasu da jimawa, ga ciwon suga, don haka 'yarsa da ke aikin jinya a Safana ta zo ta kwashe shi da 'yan kayansa ta tafi da shi can. Ko sallama ba mu yi ba. Bayan 'yan kwanaki aka hana motoci zirga-zirga, majalisa ta watse.

Zaman gida ga namijin da bai saba ba masifa ce, amma ga matarsa ta fi zama masifa. A sati na farko na gano cewa ba a ɗaure awakin gidana yadda ya kamata. Na gano buhunan gero sun jingina da bango, na sa aka jawo su, kashegari na sa aka mayar. Na tsaya a ƙofar madafa ina bayanin yadda mahaifiyata take kaɗa miyar kuka. Har jadawalin shara na rubuta na manna a jikin ƙofa. Rannan Hajiya ta ajiye muciya ta dube ni ta ce, "Malam, shekara arba'in gidan nan yana tafiya kana gindin bishiya. Don Allah ka nemi abin yi, ko ni in kamu da cutar a kai ni asibiti in huta."

Azumi ya kama, ga zafin bazara, ga yini ya ƙi ƙarewa. Ran nan bayan la'asar ina kwance ina kallon rufin ɗaki sai waya ta yi ƙara. Tela ne. Muka gaisa, ya tambayi gida da azumi da zafi da gwiwa, sannan ya ce, "Malam, mi kake yi?"

Na ce, "Ina jiran mutuwa ko magariba, duk wadda ta riga zuwa."

Ya ce, "To tashi ka haƙa dara. Kai da taka nan, ni da tawa nan. Kowa ya faɗi inda ya aje, ɗan'uwansa ya aje mashi."

Na fita tsakar gida, gefen turken awaki inda ƙasa take da laushi, na haƙa gurabe talatin. Da yake ni malami ne, na ce a ba kowane gida lamba daga ɗaya zuwa talatin. Ya ce shi ba ɗalibina ba ne. Sai ya raɗa wa layukan sunayen garuruwa: na gabas Batsari, na biye da shi Karare, na tsakiya Yasore, sai Ruma, na yamma Safana, a kowane layi kuma a ƙirga gida daga arewa. Haka muka fara. "Karare na uku." "Na aje. Ruma na biyu." Maƙwabcina da ya jiyo ni ta katanga ina cewa na tashi daga Yasore na shiga Ruma na ci mutum ɗaya, sai da ya aiko matarsa ta tambayi Hajiya ko lafiyata ƙalau.

Kwana goma sha wani abu muna yi, kullum yana cinye ni. Ta waya ma abin ya fi ciwo, domin a majalisa in an cinye ka akwai wanda za ka tashi ka cinye ka huce, a nan kuwa 'yar kallo ɗaya ce, tana madafa tana haɗa kunun buɗa-baki, da ta ji muryarsa daga waya yana cewa in gyara zama sai ta fashe da dariya. Zuciya ta ɗebe ni na daina ɗaukar wayarsa. Ta yi ta ƙara bayan la'asar ina kallonta har ta katse, ta sake, ta katse. Kwana huɗu na yi a haka. A na biyar zaman banza ya ishe ni na ɗauka.

Ya ce, "Malam! Alhamdu lillahi. Na ɗauka cutar ce ta kama ka."

Na ce, "Sabis ne babu." Da azumi a bakina na faɗi haka.

A ranar ne kaza ta shiga maganar. Wasa ya yi nisa, ya matse ni kamar yadda ya saba, sai wata kazar Hajiya ta taho a guje ta bi ta tsakiyar darar ta watsar da kara uku. Na kore ta, na tsuguna ina mayar da su. Biyu na mayar inda suke. Na ukun yana Yasore na biyar, na san nan yake, Allah ma ya san na sani. Amma da na duba sai na ga in da a na huɗu yake, tafiya ɗaya ta rage in jera uku. Na waiga dama, na waiga hagu. Babu malamin gona, babu direba, babu mai ihu, sai akuya tana tuƙa. Na dasa shi a na huɗu.

Na faɗi tafiyata. Sai ya ce, "Malam, daga Yasore na huɗu ka ce?"

Na ce, "Na huɗu mana, tun ɗazu yana nan. Ko idonka ne ya fara?"

Ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Wataƙila. To ci."

Na ci. Daga nan wasan ya juye, kafin a kira salla na cinye shi. Ihun da na yi, Hajiya ta fito da gudu da ludayi a hannu ta ɗauka kunama ce. Ko ruwa ban sha ba sai da na kira malamin gona na faɗa masa, na kira direba. Direba ya ce shi bai yarda ba sai an maimaita, mai yiwuwa azumi ne ya galabaitar da tela. To ka ji inda na ƙarasa lalacewa. Tunda an ce sai an maimaita, kashegari na maimaita, kuma ban jira kaza ba.

Abin mamaki, sata tana da sauƙi in an fara. Yau in matsar da karana gida ɗaya, gobe in ce tsakuwarsa ba a Karare na biyu take ba, a na ɗaya take. Kowane lokaci sai ya ce, "Haka ne? To ni ne na ruɗe." Na kuma samo wa kaina fatawoyi masu kyau. Na ce ai dara ba ibada ba ce. Na ce wa ya sani ko shi ma can yana matsar da nasa. Na ce shekara talatin yana cin zalina, wannan ramuwa ce. Hajiya ce kawai ba ta karɓi fatawar ba. Ran nan ta zo wucewa da tsintsiya ta tsaya ta ce, "Yau ban ga kaza ba, Malam, amma na ga kara ya yi tafiya shi kaɗai." Na ce mata mata ba su san dara ba. Ta ce, "Ba mu san dara ba, amma mun san azumi."

Ba kullum nake cin sa ba, yakan cinye ni jefi-jefi, amma yanzu ni ne a sama. Har na fara tausaya masa a bainar jama'a. In na kira malamin gona sai in sassauta murya in ce, "Tela fa ya tsufa, kan ya fara kwancewa, Allah ya sa mu gama lafiya." Ina faɗa ina jin daɗi. Ban ƙara ƙin ɗaukar wayarsa ba, ni ma nake riga shi kira.

Bayan ƙaramar salla aka sassauta doka, motoci suka dawo hanya. Na matsa wa ɗana har ya yarda in je Safana, da sharaɗin takunkumi ya rufe hanci, ba haɓa ba. Na ƙulle gyaɗa 'yar Karare a leda na hau bas. A hanya ne na tuna in muka zauna gaba da gaba babu kazar da za ta cece ni. Kafin mu isa na shirya uzurina: zan ce gwiwa ta hana ni zaman ƙasa, gaisuwa kawai na zo.

'Yarsa ce ta tare ni a zaure. Ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Baba Malam. Ya hanya? Ya su Hajiya? An sha ruwa lafiya?" Ta kawo buta da sabulu na wanke hannu, ta shige gaba na bi ta. Abin da na fara lura da shi, tsakar gidan duk siminti ne, ko inda kaza za ta yi tono babu. Yana zaune a kan tabarma a inuwar baranda, ya rame, wayarsa a cinya. Na yi sallama daga damansa. Ya amsa da murna, ya miƙa hannu gabansa, inda babu kowa. Da ya ji bai taɓa komai ba sai ya janye ya ce, "Af, an ce an hana musabaha."

Na zauna. Na dubi idanunsa, duka biyun sun yi fari. Na dubi ƙasa, na dubi bayan tabarma, na dubi gindin bango. Na daure na ce, "Ina darar taka?"

Ya ɗaga hannu ya taɓa hularsa.

'Yar ce ta yi mini bayani, muryarta ƙasa-ƙasa. Ashe tun a Batsari ido ɗaya ya tafi, ya ɓoye wa kowa. Na biyun kuma bai yi sati biyu a Safana ba ya rufe. Likita ya ce yanar ido ce, aiki za a yi a Katsina, amma an ɗage irin wannan aikin sai cutar ta lafa. Ya hana ta faɗa wa kowa, musamman ni. Ta ce, "Ni da sassafe nake fita aiki, Baba Malam, sai yamma. Haka yake yini a nan. Da an yi la'asar zai ce a sa mashi wayar a hannu."

Wato duk wasannin nan, gurabe talatin da 'ya'ya ashirin da huɗu, a ka yake riƙe da su. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ji ina ma simintin ya tsage in shige. Ina neman abin da zan ce sai ya riga ni.

"Malam, ranar da ka ce karanka na Yasore na huɗu, a na biyar yake."

Na ce, "Kaza ce ta..."

Ya ce, "Na ji kukan kazar. To kashegari fa, da tsakuwata ta tashi daga Karare na biyu ta koma na ɗaya, ita ma kazar ce? Da ranar da aka yi hadari ba a yi ruwa ba, da ka ci mani ɗa da layin da mutum biyu ne a cikinsa?" Haka ya yi ta jero su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ni na manta. 'Yarsa ta rufe baki da mayafi ta shige ɗaki. Ya ƙara da cewa, "Kuma ko satar ba ka iya ba. Sau biyu ka sata ka kuma rasa yadda za ka yi da ita, sai da na kauce maka da kaina."

Na ce, "To don me ka yi shiru? Don me ba ka yi mini ihu ba?"

Ya juya wayar a hannunsa. Sannan ya ce, "Da nake cinye ka, kwana huɗu ka yi ba ka ɗauka ba. Na ƙirga su. Malam, ni a gidan nan daga kiran salla sai kiranka. Na ga in na bar maka dara, kai za ka bar mani la'asar. Sai na ga ni na ci riba."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Tsoho da furfura da takunkumi, ina sharar hawaye a gidan mutane. Na tuna har tambayarsa na yi ko idonsa ne ya fara. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ranar, amma da sharaɗi biyu: in koma in faɗa wa malamin gona da direba da bakina, domin labari ya iso masa cewa ina yawo da shi wai kansa ya kwance, sannan in zauna yanzu a yi ta gaskiya. Na buɗe baki zan kawo maganar gwiwa, na ga ba ranarta ba ce.

'Yarsa ta kawo gawayi na zana gurabe a kan siminti. Gyaɗar da na kawo tsaraba ta zama 'ya'yana, aka tsinto masa tsakuwa a waje. Yana faɗa ina ajiye masa, ina faɗar tawa, ita kuma ta ja kujera ta zauna ta zuba wa hannuna ido. Ban kai ko'ina ba ya gama da ni. Duk gyaɗar da ya ci sai ya miƙo hannu a ba shi, ya ɓare ya jefa a baki, ga mai ciwon suga, ga ma'aikaciyar jinya a zaune, ba ta hana shi ba.

Na cika sharaɗin. Ranar da majalisa ta dawo na faɗa musu komai a gindin darbejiya. Direba ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi, malamin gona kuwa har yau in zan yi wasa sai ya ce a duba ko akwai kaza a kusa. An yi wa tela aiki daga baya, ido ɗaya ya buɗe, amma bai dawo Batsari ba, 'yarsa ta riƙe shi. Muka ci gaba da wasa ta waya kullum bayan la'asar har Allah ya karɓi abinsa. Ban cinye shi ba ko sau ɗaya, kuma ban ƙara barin wayarsa ta yi ƙara sau biyu ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Abin da na koya, na koye shi a makare. Mutum bai san ko shi mai gaskiya ne ba sai ranar da 'yan kallo suka watse, don haka na daina saurin yabon kaina, na kuma daina saurin zagin wanda aka kama. Sannan na gane in tsoho ya yi shiru ka cuce shi, kada ka ɗauka bai gane ba. Sau da yawa ya gane sarai, yana tsoron in ya yi magana za ka tashi ka bar shi shi kaɗai ne. In kana da irin wannan tsohon, a gidanku ko a wani gari, kuma wayarka ta yi ƙara ka ga shi ne, ka ɗauka.